Yadda Deffo Ya Sa wa Zarto Ido

Duk Bametsa babu wanda bai san cewa Barnabe Deffo ya taɓa kayar da bishiyar da mutum goma sha biyu suka kasa zagaye ta da hannu ba. An sani ne don shi ya faɗa, kuma duk ranar da ya maimaita labarin a rumfar bammi sai an samu ƙarin mutum biyu. Gaskiyar magana, shekara taran da ya yi a Duwala gadi ya yi a ƙofar wani kamfanin katako, yana ɗaga ƙarfe motoci su shige. To amma wa zai je har Duwala don ya ƙaryata shi?

A wannan shekarar, da ruwa ya ɗauke, aka sa ranar bikin tunawa da marigayi surukinsa, mahaifin matarsa Odet. Asabar ce aka zaɓa, kuma baƙi za su zo daga garuruwa bakwai. Surukan gidan biyu ne: Deffo, da wani malamin makaranta mai suna Wafo, mijin ƙanwar Odet, mutumin da sai ka matsa kusa kake jin gaisuwarsa. Aka raba musu aiki. Wafo zai kafa rumfar baƙi, Deffo zai kawo itacen girki. Kowa kuwa ya san abin da ke biyo baya: ranar biki, matar marigayi, Mama Kemmo, za ta shiga fili da izgar wutsiyar doki, ta ɗora ta a kafaɗar surukin da ya fitar da ita kunya, ya yi rawa da ita a gaban gari.

"Shekara goma sha ɗaya ina gidanka," Odet ta ce wa mijinta, "ban taɓa jin uwata ta ambaci sunanka ba tare da ta yi tsaki ba. Sau ɗaya dai, Baban Rozin, sau ɗaya rak, ka bar ni in ɗaga kai a gidanmu."

"Itace?" Deffo ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ni za a yi wa maganar itace? Kin ga ƙatuwar bishiyar turaren nan ta bayan gidan Mama? Ita zan kwantar. Sai an shekara uku ana girki da ita, ana cewa Allah ya yi wa Deffo albarka."

Mako uku suka wuce. Kullum aka tashi daga makaranta sai a ga Wafo ya wuce da gwangwala a kafaɗa, yana gumi, yana gaida mutane da kai. Deffo kuwa yana rumfar bammi yana bayyana wa jama'a cewa shi injin zarto yake jira daga wajen wani abokinsa a Bafusam, injin da in ya yi tari sau ɗaya kurmi ke durƙusawa. Ranar Alhamis da la'asar, rumfar Wafo ta riga ta tsaya tsaf a tsakar gidan Mama Kemmo, sannan ne injin ya iso a bayan babur, a naɗe cikin buhu.

Deffo ya ɗora shi kan benci a rumfar bammi, yana shafa shi kamar ɗan akuya. "Gobe da safe," ya ce, "kowa ya toshe kunnensa."

Baba Sado, tsohon da ke sayar da bammin, ya ajiye ƙoƙonsa. "Gobe wace gobe?"

"Juma'a mana. Ga kalanda can a ɗakina."

"Kalandarka ta Duwala kwana bakwai take ƙirgawa, ɗana. Ƙasar nan kuwa makonta kwana takwas ne, tun kafin a haifi mai kalandar. Gobe ranar hani ce. Daga carar zakara ta farko ƙarfe ba ya taɓa ƙasa, ba ya taɓa bishiya. Ka tada wannan abin gobe, kafin ka kashe shi 'yan fada sun ɗaure akuyarka."

Wani ya soma ƙirga kwanakin da yatsu, ya kai takwas, ya kaɗa kai. Deffo ya dubi sama, rana ta riga ta kama hanyar bayan dutse. Amma mutum irinsa ba ya barin kunya ta riga bakinsa fita.

"Na sani mana!" ya ce. "Gwada ku nake yi. Ai yau zan sare ta."

"Cikin duhu?"

"Zakara ya yi cara ne? A Duwala da dare muke aiki, injinanmu duk da idanu. Ku zuba ido ku ga ilimi."

"Ba a fafe gora ranar tafiya," in ji Baba Sado. "Kuma ɗanyen turare, ko ka sare shi, wa zai girka da shi jibi?"

"Turare da mansa a jiki yake zuwa, Baba. Kai dai bammi ka sani."

Dabararsa ta farko tocila ce. Ya aro guda uku, ya yanka tsohuwar robar tayar keke, ya ɗaure su a hannun injin, biyu a gefe, ɗaya a sama. Rabin rumfar bammi suka biyo shi har ƙofar gidansa don kallo. Ya taka injin da ƙafa, ya fizgi igiya. Shiru. Ya sake fizga. Shiru. A karo na bakwai injin ya farka da wani irin ihu, ya kama karkarwa, murfin tocilolin suka kwance, batura suka yi ta fita ɗaya bayan ɗaya kamar kashin awaki. Ɗaya ya sami Baba Sado a ƙauri.

"Idon farko ya tsiyaye," in ji tsohon, yana sosa ƙafa.

"Kayan China ne," in ji Deffo. "Ba su san babban inji ba."

Dabara ta biyu ta fi ta farko ilimi. Ya kwance ɗan injin fitilar keken mai wa'azin coci, wanda ke gogar taya ya ba da haske, ya ɗaure shi yadda kansa zai riƙa gogar sarƙar zarton. Ya yi wa jama'a bayani cewa da haka zarto zai riƙa haskaka kansa da kansa, kuma Turawa ma ba su kai ga wannan ba tukuna. Ya tada injin, ya matsa. Ƙwan fitilar ya yi wani haske fari fat har kowa ya runtse ido, sannan ya fashe. Ɗan injin keken kuwa sarƙa ta ɗauke shi, ya tashi sama yana tartsatsi, ya faɗa cikin tukunyar da Odet ke dafa gwaza.

Odet ta fito da muciya a hannu. "Baban Rozin, bishiyar a cikin tukunyata take?"

"Gwaji ne, mace. Shiga ciki."

"Keken coci fa?" in ji mai wa'azi.

"Allah zai haskaka maka hanya, Malam. Ba kai ke faɗa mana haka duk Lahadi ba?"

Kafin nan duhu ya shigo sosai, mata sun soma kiran yara cin abinci. Deffo ya tsaya yana sosa ƙeya, sai idonsa ya faɗa kan tsohuwar motar kwasar kofi da ta shekara huɗu a kan duwatsu a bayan gidan maƙwabcinsa. Ya ciro fitilarta guda, mai faɗin faranti, ya ɗaure ta a hancin zarton da wayar shanya. Batir kuma ya karɓo na mai injin niƙa, da alkawarin zai ba shi reshe biyu. Da yake batirin ya fi ƙarfin hannu, sai ya saka shi cikin kwandon da Odet ke zuwa gona da shi, ya goya a baya, wayoyi biyu suka biyo ta kan kafaɗarsa. Ya haɗa su. Haske ya tsaga garin tun daga ƙofar gidansa har gangaren rafi.

Nan fa aka yi shewa. Deffo ya ji kansa ya kumbura, ya manta nauyin da ke bayansa. "Na rantse da ƙoƙon kan kakana," ya ce, "yau Wafo zai san bambancin mai alli da mai inji!"

Haka aka ɗunguma zuwa gidan Mama Kemmo, Deffo a gaba yana tafiya a sunkuye kamar mai ɗauke da buhun masara, jama'a a baya. Tsohuwar tana zaune bakin madafa tana ɓare gyaɗa, Wafo na gefe yana ƙarasa ɗaurin labulen rumfa. Hasken ya daki fuskarta, ta kare da hannu.

"Wane ne wannan da mota a gidana?"

"Ni ne, Mama, surukinki. Itacenki ya iso."

"Ina yake?"

"Yana tsaye tukuna."

Ta yi tsaki. "Mijin 'yata, rumfar nan kwana ashirin aka yi ana kafa ta. Ka dai ji."

"Mama, ni bishiya in na ce mata kwanta gabas, ko a mafarki ba ta juya yamma."

Wafo ya matso, ya ce a hankali, "Yaya, da ka bari in kawo fitilar ƙwai mu duba inda ta karkata."

"Malam, je ka gyara jarrabawa."

Ya ba wa wasu ƙarti biyar doguwar igiya, ya ce su ɗaura a jikin bishiyar, su tsaya can wajen gonar masara, in ya ce ja, su ja. Suka ce ba sa gani, ya haska musu. Ya juya zarton wajensu, sai dai fitilar mota ba ta san wasa ba, ta kashe musu ido gaba ɗaya. Suka yi ta lalube har ɗaya ya ce ya samu, ya hau, ya ɗaura, ya sauko.

Baba Sado, da ya biyo su da ƙoƙonsa, ya ce, "Ɗana, mai sara sama yake fara kallo. Idon nan naka haƙoran zarto kaɗai yake gani."

"Haƙoran ke aiki ai, Baba."

Injin ya ɗauka. Garin katako ya soma tashi cikin hasken, ƙamshin turare ya cika wuri, kuma a gaskiya minti biyun farko abin ya yi kyau. Odet da ke tsaye bayan uwarta har ta soma murmushi. Sai wani abu ya faɗo wa Deffo a kumatu. Ya kaɗe. Wani ya sauka a wuyansa, wani ya shige hancinsa. Ya manta cewa watan fara ne, lokacin da koriyar farar nan ke tasowa daga ciyayi da dare tana neman haske, kuma a duk tsaunin babu hasken da ya kai nasa. Kafin ya ce wani abu ta rufe shi ruf, fitila, zarto, kwando da mutum.

"Fara!" wata mata ta ƙwala ihu. "Fara ta sauka gidan Mama Kemmo!"

Wanda bai ga Bametsa a wannan daren ba bai ga gudu ba. Mata suka bar tukwane a kan wuta, suka fito da bokitai da kwanoni da zannuwa. Fara soyayya da manja ba abin da mutum zai ji labari ya zauna ba ne. Aka yi wa Deffo zobe, ana damƙa daga jikinsa, wata na kakkaɓe masa baya cikin roba, wata ta cire masa hula ta juye.

"Ku matsa! Inji ne a hannuna!"

"Tsaya cak, Baban Rozin, ga wasu a kunnenka!"

"Ɗan ɗaga fitilar sama, surukin kirki!"

Wannan muryar ta ƙarshe ta Mama Kemmo ce, ta zo da ƙwaryar gyaɗarta ta zubar da gyaɗar. Shekara goma sha ɗaya Deffo bai taɓa jin ta kira shi surukin kirki ba. Daɗi ya kama shi, ya ƙara danna zarton cikin bishiyar da dukan ƙarfinsa, fara na shiga bakinsa yana tofarwa. Yana sunkuyawa kuwa batirin da ke bayansa ya karkata, ruwansa ya soma tsiyaya ta ƙasan kwando. Da farko ɗumi ya ji. Daga baya ya ji kamar an zaunar da shi a kan barkono.

"Wayyo! Ja! Ku ja!" ya yi ihu, yana tsalle da ƙafa ɗaya.

Ƙarti biyar suka ja da gaske. Abin da ya biyo baya ruwan fiya ne, don igiyar a jikin bishiyar fiyar Mama Kemmo suka ɗaura ta, wadda ke tsaye kusa da turaren. 'Ya'yan fiya suka yi ta faɗowa kan masu kamun fara, tim, tim, ana ihu ana kare kai da kwanoni. Ƙartin suka ji bishiya na motsi, suka ƙara himma, har da waƙa.

Ita kuwa bishiyar turare, da ba wanda ya ɗaure ta kuma ba wanda ya dubi samanta, sai ta yi wata ƙara mai tsawo. Baba Sado ne kaɗai ya gane. "Ku gudu! Ga ta nan!" Aka watse kowa ya kama gabansa, Wafo ya sungumi Mama Kemmo da ƙwaryarta. Deffo ya saki zarto, wayoyi suka tsinke, duhu ya rufe gari. Cikin duhun aka ji bishiyar ta tafi a hankali, kamar mai neman wurin kwanciya, ta zaɓi yamma, ta sauka a tsakiyar rumfar Wafo.

Da ƙura ta lafa aka kawo fitilar ƙwai, aka ƙirga mutane, kowa na nan da ransa. Rumfa ta zama tarin karyayyen gwangwala. Gindin bishiyar ya zauna daram a kan zarton abokin Deffo, ya lanƙwasa shi. Deffo kansa yana tsaye a gefe, ya juya wa bango baya, don ruwan batir ya cinye mazaunin wandonsa tas.

"Gabas ke nan a Duwala?" in ji Baba Sado.

"Iska ce," in ji Deffo. "Kuma ku ne kuka ja fiya."

Mama Kemmo ta gyara riƙon ƙwaryarta. Ta dubi rumfar, ta dubi 'yarta, ta shige ɗaki da farar da ta kama. Odet ta kwance mayafinta ta miƙa wa mijinta ba tare da ta kalle shi ba, ya ɗaura a ƙugu, suka tafi gida tana gaba yana baya.

Zakara ya yi cara, ranar hani ta shiga. Bishiya tana kwance daga bakin madafa har ƙofar gida, kuma ba mai ikon ɗaga mata ko wuƙar yanka albasa. 'Yan fada biyu suka zo da sandunansu suka zauna a kanta tun safe, wai don kada wani ya manta. Mata suka tsince karyayyen gwangwalan Wafo da hannu suka hura wuta, ya kama kamar an zuba masa kananzir. Da ya soma ƙarewa, sai aka ga matan unguwa suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowace da damin itace daga gidanta, tana ajiyewa tana ce wa Odet, "Sannu, 'yar'uwa." Wannan sannun ta fi zagi ciwo.

Ranar Asabar baƙi suka iso da kayansu na alfarma, suka tarar ba rumfa. Manya aka jera musu kujeru a inuwar fiya, sauran kuwa suka hau gungumen suka zauna a jere cikin rana, suna cin sakwarar gwaza da soyayyiyar fara. Deffo, cikin sabon wando, yana bin su yana gaisawa, yana cewa ai da gangan ya kwantar da ita nan don ya ga kujeru ba za su isa ba. Har ya soma yarda da kansa.

Aka buga ganguna, dangi suka shiga fili. Mama Kemmo ta fito da izga a hannun dama, wani abu naɗe da zane a hannun hagu. Ta zagaya sau ɗaya, ta tsaya gaban Wafo.

"Wannan ya kafa mini rumfa," ta ce da ƙarfi, "da rumfar ta faɗi ta zama mini itace, kuma ya ɗauke ni a hannu kamar jaririya." Ta ɗora masa izgar. Aka yi guɗa. Wafo ya rasa inda zai sa kansa don kunya.

Sannan ta juya. "Ina mijin Odet?"

Deffo ya fito da ƙirji a gaba, yana ɗaga wa jama'a hannu. Ta kwance zanen. Tsohon gatarin marigayi ne, ƙotarsa ta yi baƙi da gumin shekaru.

"Mai wannan ya shekara hamsin yana faskara mini itace," ta ce, "bai taɓa sa masa ido ba, nasa biyun sun ishe shi. Ungo. Ranar da na ga tsakar gidana, ranar za ka dawo mini da shi." Ta ɗora masa a kafaɗa. Makaɗa, da ba su da tausayi, suka canza kiɗa, fili ya ɗauki dariya har waɗanda ke kan gungume suna faɗowa.

Deffo ya yi 'yar rawarsa a haka, ya sulale bayan madafa inda Odet ke tsugune gaban tukunya. Ya riga ya shirya maganarsa. "Kin gani ko? Shi Wafo aron wutsiya aka ba shi, ni kuwa kayan gado..."

Ta ɗago. Idanunta sun yi jawur, fuskarta jiƙe.

"Me ya faru?" ya ce.

"Hayaƙi ne."

Ya dubi murhun. Busasshen itacen maƙwabta ne ke ci, wuta tas, ko ɗigon hayaƙi babu. Ya tsaya da gatari a kafaɗa har ta tashi ta ɗauki tukunyarta ta wuce.

Ranar Lahadi, bayan an taso coci, aka soma jin sara daga gidan Mama Kemmo. Kwana goma sha ɗaya ana jin sa, ban da ranar hani. Duk wanda ya wuce sai ya leƙa ta kan shinge ya ce, "Deffo, a kawo fitila?" Shi kuwa sai ya tofa yawu a tafin hannu, ya ɗaga gatari.